Tabo Biyar a Wuyan Jitar Kawu

Ranar Alhamis abin ya fara, da wani zafi mai nauyi. Hadari ya haɗu tun safe, ya ƙi zubar da ruwa, ya ƙi watsewa. Ina zaune kan wata matacciyar talabijin a shagon Mai Rediyo, muna musun da muka saba: wa ya fi kowa iya kaɗa jita a duniya.

Mai Rediyo gyaran rediyo da lasifika yake yi, amma bangon shagonsa duk hotunan makaɗan rok da buluz ne, sun koɗe saboda hayaƙin dalma. Sunayensu sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai Bahago, mai sa jita ihu kamar ana yanka ta. Akwai Mai Tumbi, tsoho cikin kwat, wanda zai taɓa tsirkiya ɗaya ya girgiza ta ya bar ka da ita a ƙirji. Akwai Gashin Doki, mai gudu da yatsu kamar kare ya biyo shi.

"Bahago ne, a rufe maganar," in ji Mai Rediyo, bai ko ɗago kai daga aikinsa ba.

"Duk ku tara su," na ce, "Kawuna ya taka su."

"To fa! An taɓo wurin. Tsalle, ina hoton Kawun naka? Ina kaset ɗinsa? Kawo in sa mu ji."

Tsalle suke ce mini, don ba na zama wuri ɗaya. Na bar makaranta ban gama ba, na yi wankin mota, na yi tsaron kanti, na yi dakon kaya, yanzu ina riƙe wa yayana katako a shagonsa na kafinta. Abu ɗaya ne ban taɓa gudu na bari ba, jitar Kawu.

Kawu ƙanin Mama ne. Ya kaɗa a otal-otal har gashinsa ya yi fari, ba wanda ya taɓa ɗaukar kiɗansa a kaset. Bara ya rasu, ya bar mini jitar da wani wuyan kwalba da yake sa wa ƙaramin yatsansa yana ja a kan tsirkiya, sautin ya fito kamar mutum yana kuka cikin rijiya. Kawu ba ya ɗaure tsirkiyoyinsa yadda kowa ke ɗaurewa. Ɗaurinsa nasa ne shi kaɗai. Da bakin ƙusa ya yi tabo biyar a gefen wuyan jitar. Ka danne tsirkiya daidai kan tabonta, ka murɗa wadda ke kusa da ita har muryarsu ta zama ɗaya, ka wuce tabo na gaba. Ya kuma kafa mini doka: kada in taɓa cire tsirkiyoyi shida gaba ɗaya. In ɗaya ta tsinke, 'yan'uwanta ne za su gaya wa sabuwar inda za ta tsaya.

Muna cikin musun sai ga Mai Ganga ya shigo da lasifika a kafaɗa. Tsohon abokin kiɗan Kawu ne, har yanzu yana da ƙungiyarsa. Ya ajiye kayan ya share gumi.

"Ɗana, mai jitarmu ya bi mace ya bar gari. Ranar Asabar da la'asar ka zo gareji inda muke gwaji. In ka kaɗa mini ko rabin na Kawunka, wurin naka ne."

"Ni ma zan zo," in ji Mai Rediyo. "In na ji abin da ya fi Bahago, da hannuna zan cire hotonsa in manna naka."

Da na koma gida bakina ya ƙi rufuwa. Na faɗa wa Mama, na faɗa wa Yaya, na ɗauko jitar daga ƙarƙashin gado na zauna a bakin ƙofa ina kaɗawa. Yaya ya tsaya a kaina yana kallonta yadda yake kallon kujerar da aka kawo masa gyara. Fentinta ya ɓare, gumin Kawu ya cinye katakon wuyan har ya yi ramuka inda yatsunsa suka fi zama.

"Da wannan za ka tsaya gaban mutane?" ya ce.

"Da ita Kawu ya tsaya."

Ya girgiza kai ya wuce. Da safe ya haɗa ni da direba in kai kabad wata unguwa can ƙarshen gari, in kuma tsaya in ɗaura ƙofofin. Sai yamma na dawo, ƙafata duk ƙura. Na leƙa ƙarƙashin gado, wayam.

"Mama, ina jitata?"

Tana tsintar shinkafa tana murmushi. "Yayanka ya ce kada in faɗa. Ka dai gode wa Allah da ya ba ka ɗan'uwa."

Ban san lokacin da na isa shagon ba. Warin fenti ne ya fara tarbata. Tana rataye da waya a jikin azara, ja wur, tana sheƙi kamar sabuwar mota. Babu tsirkiya ko ɗaya a jikinta. Wuyan ya yi sumul, an cike ramukan da garin katako da gam, an bi da samfefa, an shafe da mai. Na bi gefen da ido daga sama har ƙasa. Tabo biyar ɗin, babu.

Yaya ya fito daga bayan injin yana goge hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Yaya ka gani? Wuni na yi a kanta, na ajiye gadon mutane. Ga sababbin tsirkiyoyi na sayo, da safe fentin ya bushe sai mu ɗaura."

"Ina tabon?"

"Wane tabo? Ƙarzunan nan na gefe? Sun ba ni wahala, wallahi, ɗaya har sai da na cike shi sau biyu."

"Ina tsofaffin tsirkiyoyin? Ina kwalbar da ke cikin jakar jitar?"

"Tsatsa da fasasshiyar kwalba? Mai shara ya kwashe tun rana. Kai, wai me ke damunka ne?"

Na fizgo jitar daga wayar. Fentin bai bushe ba, tafin hannuna ya zauna a kanta, yatsu biyar.

"Kai! Ka ɓata mini aiki!"

"Aikinka? Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa? Kujera ce? Ƙofar banɗaki ce?"

"Tsalle, da ni kake magana."

"Da kai nake! Duk abin da ka gani da tabo sai ka goge. Da Kawu na da rai da shi ma ka bi fuskarsa da samfefa!"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Yaya ya rage murya, ya ce don kada a yi mini dariya ya yi, ya ce katako katako ne, kiɗa a hannu yake. Na dube shi, na dubi gudumar Baba da ke rataye a bango bayansa. Tun rasuwar mahaifinmu ba wanda ya isa ya taɓa gudumar nan. Ƙotarta ta yi baƙi, ta lotsa daidai inda babban yatsan Baba yake zama, kuma duk safiya sai Yaya ya sa nasa yatsan a lotsawar kafin ya fara aiki. Mutumin da ke yin haka ne yake ce mini katako katako ne. Na fita da jitar a hannu, fenti na bin rigata.

Safiyar Asabar na ɗaura sababbin tsirkiyoyin. Na ce a raina ai yatsana ya san wuraren. Ashe tabon yatsana ya sani, ba wurin ba. Ban taɓa ƙirga ƙarafan wuyan ba, lalube nake yi in ji ƙarzanen ƙusa in danne. Na farko na same shi. Na biyu ina jin na same shi. Daga nan sai in murɗa in ji kamar shi ne, in kaɗa, in ji ba shi ba ne. In sassauta wannan, waccan ta ɓata. Sababbin tsirkiyoyi kuma ba sa zama, kana sakinsu suna saki. Na murɗa tsirkiya ta uku har ta tsinke ta tsaga mini bayan hannu, na ƙulla ta na ci gaba. Mama ta leƙo ta ce in ci abinci. Na ce ta rabu da ni, abin da ban taɓa ce mata ba.

Garejin da suke gwaji yana bayan wani wurin wankin mota. Akwai tsofaffin tayoyi, fanka ɗaya mai ƙara, da igiyoyin lantarki a ƙasa kamar macizai. Mai Rediyo ya riga ni zuwa, ya samu benci ya harɗe. Mai Ganga ya ga jitar, ya ɗaga gira.

"Ina ta Kawunka?"

"Ita ce."

Ya daɗe yana kallonta. "Wa ya yi mata haka?"

"Ka tuna yadda Kawu yake ɗaure ta? Ko tsirkiya ɗaya?"

"Ɗana, ni ganga nake duka. Na san in ya fara, gashin jikina na tashi. Yadda yake yi kuwa, ban taɓa tambaya ba."

Dama na fasa wata kwalbar lemo a hanya na goge bakinta a kan dutse, amma ta yi wa yatsana yawa, tana rawa. Mai Ganga ya fara duka, mai kaɗa musu babbar jita ya bi shi, na shiga. Yatsuna suka tafi inda suka saba zuwa, sautin da ya fito kuwa na wani ne daban, kamar ka buɗe ƙofar ɗakinku ka tarar da baƙi. Inda Kawu ke kuka, tawa jitar gunaguni take. Na sake. Na tsaya na murɗa, na sake. Mai babbar jita ya dubi rufi. Tsirkiyar da na ƙulla ta kwance, ta yi lilo.

Mai Ganga ya ɗora sandunansa a kan ganga.

"Ya isa, ɗana."

"A ɗaure ta irin na kowa mana," in ji mai babbar jita. "Ka iya da irin na kowa?"

Ban iya ba. Kawu bai koya mini ba, ni ma ban nema ba. Wani yaro mai gilashi da ke jira a gefe ya buɗe jakarsa ya fito da jitarsa, ya kaɗa irin na Gashin Doki, tsaf, babu kuskure, babu komai a ciki. Aka ce ya zo ranar Talata.

Mai Rediyo ya biyo ni waje. Na jira ya yi mini dariya, da ya yi da na samu wanda zan daka. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar shi, Tsalle. Kowa kawunsa gwani ne a wurinsa."

Wannan ya fi dariyar ciwo. Bai yarda ba, kuma yanzu babu abin da zan sa masa a kunne ya yarda.

Ruwan da ya ƙi zuwa tun Alhamis ya tsuge ina hanya. Na isa shagon Yaya a jiƙe. Yana haɗa ƙafar gado, ya ɗago ya ga fuskata, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya dubi shatin hannuna a kan jan fentin.

"Kawo ta," ya ce a hankali. "In goge wannan in sake fesawa. Ba za a ga alama ba."

Na jingina jitar da bango. Na ɗauki samfefa mai kaushi daga kan tebur, na miƙa hannu na sauko da gudumar Baba.

"Tsalle."

Na matse ƙotar a gwiwata na fara gogewa. Baƙin ya tashi, farin katako ya fito.

"Tsalle, ta Baba ce!"

"Ta tsufa, Yaya. Kada a yi maka dariya."

Ya taso, amma gadon na tsakaninmu, kafin ya zagayo na cinye gefen lotsawar. Ya fizge ta. Ya sa babban yatsansa yana lalube, yana lalube, yatsan na zamewa. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Bai mare ni ba. Ya nuna ƙofa da gudumar.

"Fita. Kada ka dawo mini shago."

Na ɗauki jitar na fita cikin ruwan. Tana ƙarƙashin gado yanzu, ja, da hannuna a kanta. Wani lokaci nakan ɗauko ta in murɗa, in ji kamar na kusa, sai ya kuɓuce. Hoton Bahago na nan a bangon Mai Rediyo. A gida Mama na zuba mana abinci a kwano biyu, da can ɗaya ne.

Abin da aka rasa: tabo biyar, tsirkiya shida, wuyan kwalba ɗaya, wuri ɗaya a ƙungiyar Mai Ganga, aikina a shago, gurbin yatsan Baba a ƙotar guduma, da kiɗan Kawu duka.