Kiran da Maccido Bai Amsa Ba

Zamanin da Sarkin Musulmi ke zaune Wurno, kakana Maccido yana saurayi mai ɗibar zuma, ga taurin kai awa jaki. Ya shiga dajin da ke tsakanin Goronyo da Rabah shi kaɗai, ya hau kuka, reshe ya karye da shi, yaf faɗo, ƙahwa ta karye.

Bai ruɗe ba, wannan kam na yaba mishi. Ya ɗaure ƙahwar da itace da ɓawon kuka, ya ja gindi zuwa kogon iccen, inda ruwan damina ya kwanta. Yana tsotsar 'ya'yan kuka, yana kurɓar ruwan kaɗan-kaɗan don kada shi ƙare. In ya ji motsin kura sai shi buga sanda ga icce. Har ruwan ya koma laka.

Ran nan da la'asar sai yaj ji murya can cikin sabara, muryar Inna Kaltume, uwa tai, tana kiran Maccido, Maccido.

Kowa ya san aljanun daji na aron muryar naka su kira ka, in ka amsa ka tahi ke nan. Kuma shi ɗan fari ne. Tun da aka haihe shi Inna ba ta taɓa kama sunanai ba, kunya ba ta bari, "kai wanga" take ce mishi. To mi zai sa yau ta hwaɗe shi? Yac ce a ransa wanga aljani bai iya ƙarya ba. Ya toshe baki da hannu, yana kuka, muryar na matsowa, ta dushe, har ta yi nisa.

Fulani makiyaya sunka tsince shi, sunka kai shi gida bisa takarkari. Nan ya iske zancen. Maza sun nema sun gaji, sun ce a yi haƙuri. Inna ta ɗauki goran ruwa ta shiga daji ita kaɗai, ba ta komo ba. Goran aka gani, kusa da kukar, ba ko ɗigo ciki.

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san wa zan ba laihi ba.

Na ishe Maccido tsoho, yana ɗingishi. Kullum la'asar sai shi karkata kunne wajen daji, ba wanda ya kira shi.

"Na'am, Inna," yake cewa. "Ga ni nan."