Katakon Da Sitaleki Ya Saki

"Ɗaga kanka kaɗan, Yaya," in ji Fololina, hannu ɗaya tallafe da ƙeyarsa, ɗayan riƙe da cokalin romon kifi.

Sitaleki ya kurɓa, rabi ya gangaro ta haɓarsa. "Gishiri ya yi yawa."

"Mutum yana wannan hali yana zaɓen miya."

"Ai ke kika ce komai zaɓi ne."

Shingen furanni kawai ya raba gidajensu a ƙauyen nan na bakin teku a tsibiran Ha'apai, kuma shekara arba'in ke nan suna gardama ɗaya. Duk Lahadi in ta ɗaura tabarmarta a ƙugu, irin adon girmamawa na al'adarsu, za ta coci, sai ta leƙa ta ce, "Yaya, ƙofa a buɗe take, ƙafarka kawai ake jira." Shi kuwa yana ɗinkin koma a gindin mangwaro, sai ya ce, "In Ubangiji yana nemana, ya san gidan." Rabonsa da coci tun ranar da kwalekwalensu ya kife, teku ta dawo da shi ta riƙe ƙanensa Lupeti. Yanzu matarsa ta rasu, 'yarsa tana ƙasar waje, a birnin Auckland, tana fafutukar samun jirgi, jinya ta faɗo kan maƙwabciya.

Da la'asar tana yi masa fifita ya ce, "Kowa cewa yake na yi juriya ranar nan. Ƙarya ce."

Ta dakata.

"Katako ɗaya muka riƙe, ni da Lupeti. Yana addu'a, yana cewa Yaya ka riƙe, Ubangiji yana gani. Ni kuwa na gaji. Na ce a raina ya isa haka, na saki. Da gangan na saki, Fololina. Sai farkawa na yi a kan yashi, bakina cike da ruwan gishiri. Shi da ya riƙe, ko rigarsa ba a gani ba." Ya juyo da idanunsa da suka zurma. "To, Malama, gaya mini, wa ya zaɓi me?"

Ta ci gaba da fifita.

"Ban roƙa a cece ni ba," ya ce. "Abin da ke cina ke nan. An ba ni kyautar da ban nema ba, kuma babu inda zan mayar da ita."

"Ka dai ci ta shekara arba'in kana ƙunƙuni," ta ce a hankali. "Wace gwauruwa ce a layin nan ba ta tsinci kifinka a bakin ƙofarta ba? Kana zaton ba mu san sawunka ba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ta ce, "In kira Fasto?"

"Kira shi. Ban ce na yarda ba fa. Tambaya gare ni."

Fasto Manase yana wani tsibiri, sai washegari da hantsi jirgin ruwa ya kawo shi. Kafin nan bakin Sitaleki ya rufe. Fasto ya durƙusa, ya kira sunansa, ya tambaye shi ko ya ba da kansa ga Yesu. Ba amsa, sai numfashi mai nauyi.

Fololina ta ja Fasto bakin ƙofa. "Bai faɗa ba. Kalma ɗaya tak nake jira tun ina da baƙin gashi. Da na kira ka tun wancan makon."

"Mama, ba shi ya ce a kira ni ba?"

"Ya ce tambaya gare shi."

"To zai yi ta ga wanda ya fi ni sani. Ni kaina ban san inda ƙoƙarinmu yake ƙarewa, alherin Ubangiji ya fara ba. Zo mu yi masa waƙa."

Ta zauna a gefensa, ta sa hannunta cikin nasa, ta ja waƙar da ake yi wa masunta in sun fita. A baiti na biyu ta ji yatsunsa sun motsa. Ko riƙe ta ya yi ko saki, ba ta iya ganewa ba. Kafin azahar ya cika.

Ta shafe masa fuska, ta gyara masa ƙafafu. Mata suka fara shigowa cikin baƙaƙen kaya, wani ya tafi buga ƙararrawa. Ita kuwa ta ratsa gida, ta janyo daga ƙarƙashin gado lallausar tabarmar da ta yi shekara biyu tana saƙa wa kanta don ranar da za a naɗe gawarta. Ta kawo ta tsakar gidansa, ta shimfiɗa a kan ciyawa, ta durƙusa tana bin lanƙwasar da tafin hannu har ta kwanta.