Wayar Mai Agogo

Mai gyaran waya ya durƙusa a bayan kabad yana kankare fenti da bakin sukundireba, can sai soket ɗin wayar tarho ya leƙo, ya yi tsatsa kamar tsohon gwangwanin madara. Ya hure ƙurar, ya jona 'yar na'urarsa, ya girgiza kai. Wannan ma matacce ne.

Uwar Biyu tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwan da ta kawo wa maƙwabcinta, Mai Agogo. Tun da ciwo ya kwantar da shi ita ke leƙo shi safe da yamma, don ba shi da kowa a gidan sai agogunan mutane da ba a dawo karɓa ba, kowanne da lokacin da yake faɗa. Tsohon yana kwance, ya rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan daram. Ya ce wa mai gyara ya bi sannu, wayar nan ta girmi ubansa.

Kowa a layin ya san dalilin wannan wahala. Autarsa ta bar gida da daɗewa bayan wani faɗa da ba wanda ya ƙara tuna mafarinsa, kuma lambar wayar gidan kaɗai ta sani, don shi ya koya mata ita da waƙa tun tana 'yar mitsitsiya. Da matarsa ta rasu ya sa aka yanke layin cikin fushi. Yanzu kuwa sai ya riƙa jin ƙararrawar waya a cikin bango in barcin rana ya fara ɗaukarsa, ya farka yana laluben iska. An kawo masa wayar hannu ya ture. Ya ce Auta ba ta san wannan ba. Da ƙyar aka samu kamfani ya maido masa tsohuwar lambar.

Mai gyara ya bi igiyar wayar da yatsa ta gefen silin, ta bayan labule, har inda ta nutse cikin bango ta ɓace. Ya tambaya me ke bayan bangon. Uwar Biyu ta ce ɗakinta ne. A nan ta tuna: gidajen biyu a da gida ɗaya ne, kafin a raba da bulo. Suka zagaya. A bayan kekenta na ɗinki, ƙarƙashin kalandar da ta shekara ba a sauya ba, ga uwar soket ɗin, inda layin ke shigowa daga titi. Ashe duk shekarun nan ta ɗakinta muryoyin gidan Mai Agogo ke bi su wuce.

Nan akwai rai, in ji mai gyara. Amma guntun da ya ratsa bango ɓera ya cinye shi, sai gobe zai zo da sabuwar igiya. Uwar Biyu kuwa ta ga yadda numfashin tsohon yake tun safe, ta san gobe ta yi nisa. Ta ɗauko baƙar wayar nan mai nauyi daga gidansa, aka jona a nata ɗakin, ta buɗe tagogin ɗakunan biyu. Mai gyara ya tafi. Ta latsa lambar a wayarta ta hannu don ta gwada.

Ƙarar ta cika ɗakin, ta fita ta taga. Tantabarun kan rufi suka tashi.

Da ta shiga wajen tsohon ta tarar ya ɗago kai, idanunsa sun yi haske kamar na yaro.

"Ita ce? Me ta ce?"

Ta zauna a bakin gadon. "Ta ce... tana hanya, Baba."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya yi 'yar dariya da ta zame masa tari.

"Uwar Biyu, ke ko ƙarya ba ki iya ba. Ga wayar a hannunki." Ya mayar da kai kan matashi. "Sake bugawa in ji."

Ta buga. Suka kasa kunne, ƙarar tana zuwa daga can bayan bango, a hankali, daidai inda ya saba jin ta a mafarki. Hasken yamma ya kwanta kan gilasan agogunan. Ya lumshe ido, leɓunansa suna motsi da waƙar lambar.

"In ta kira, kada ki bar ta tana jira," ya ce. "Ba ta da haƙuri. Ni ta biyo."

Kafin rana ta faɗi ya cika, ƙararrawar ba ta gama fita daga kunnenta ba.

Washegari mai gyara ya iso da sabuwar igiya naɗe a kafaɗa, ya ga takalma jibge a ƙofar gidan, ya tsaya. Da ya sami Uwar Biyu ya yi mata ta'aziyya, ya tambaya a hankali ko ya cire layin. Ta ce ya bar shi inda yake.

Ta share kan ƙaramin teburin, ta shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, ta ɗora wayar. Da ta fita tsakar gida wanki sai ta tokare ƙofar ɗakin da dutse, ta rage ƙarfin famfo, ta ajiye tawul a kusa da hannunta.