Kirik Ɗin Rabo

A duk hanyar da ta tashi daga Bazaga ta shiga Konni, da wuya ka sami mai amalanken da bai taɓa cin moriyar bayan Rabo ba. Hanya ce ta yashi da ƙaya, taya ba ta daɗewa ba ta sace ba, kuma wurin ba shi da dutsen kirki da za a tokare kaya da shi. In abin ya faru, sai a zauna a inuwa a jira Rabo. Da ya zo sai ya tuɓe riga, ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin amalanken, ya sa gadon bayansa a ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyi biyu, ya yunƙura. Amalanke ya tashi da buhunansa a kai, a cusa kututture, a cire taya. Ladarsa goro ne da kirari, kuma kirarin ya fi so.

Matarsa Sa'adatu ita ce ke shafa wa bayan nan man kaɗe da yamma, don haka ita ba ta taɓa jin daɗin kirarin ba. Bayan girbin bara ya dawo gida yana dafe da mararsa. Ƙaba ce. Aka yi masa aiki a asibiti a Konni, likita kuma ya yi magana a gabanta: in ya sake ɗaukar nauyi irin na da, ɗinkin zai tsage, gyara na biyu kuwa ba kamar na farko ba ne.

Suka yi jinya a gidan ƙanenta Muttaka, mai walda a bakin tasha. Ranar da za su koma Bazaga, Rabo ya sa su biyun suka yi masa alkawari ba mai jin sunan ciwon daga bakinsu. Masassara ce ta kwantar da shi, haka za a ce. Namiji irinsa ba a jin an tsaga shi a wannan wuri.

To, mutane sun yi masa sannu da masassara, suka kuma jira ya murmure. Sa'adatu ta san ranar tana zuwa da wani zai tsaya a ƙofar gida ya ce taya ta sace, ta kuma san mijinta ba zai iya cewa a'a ba tare da ya faɗi dalili ba. Ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta hau mota ta koma wurin Muttaka.

"So nike ka yi mini abin da ka ɗaga amalanke," ta ce.

"Yaya, ai kina da shi gida, shina cin tuwo."

"Muttaka, wasa na zo yi da kai?"

Ya ga fuskarta, ya kashe injin. Ya ce kirik ɗin mota, wanda 'yan Najeriya ke ce wa jak, ba zai yi ba. Gajere ne, ga shi yana nutsewa a yashi, haƙoransa kuma su cika da ƙasa su cije. Ya ɗauki guntun ƙarfen walda ya fara zane a ƙasa. Ƙafa ɗaya a tsaye. Dogon hannu na bututu a gicciye bisa kanta, gefe ɗaya gajere, ɗayan dogo. A bakin gajeren za a yi baki kamar gwafa wanda zai rungumi ƙarfen taya. Mutum ya danna dogon gefen ƙasa, gajeren ya yi sama da kaya.

"Hannun nan ya cika tsawo," in ji Sa'adatu. "In anka gan shi bisa amalanke kamar mashi, tambaya za a yi ta yi. Ba a iya naɗe shi?"

Idon Muttaka ya fara haske. Ya ce zai yanka bututun biyu ya haɗa da gaɓa irin ta ƙyauren ƙarfe, ƙafar ma ta kwanta a jikinsa, a tura duka ƙarƙashin amalanke ba mai gani.

Na farko da suka gwada a bayan shago, ƙafar ta lume cikin yashi, amalanken bai ko motsa ba. Ya yi mata faffaɗan tafi da tsohon faifan garma. Na biyu ya ɗaga, amma da Muttaka ya saki hannun don ya yi tafi, bututun ya yi tsalle ya wuce ta gefen haɓarsa, saura ƙiris ya same ta. Sai ya ƙara ƙugiya da 'yar sarƙa da za ta riƙe hannun a ƙasa. Daga nan abin ya shiga ransa. Ya bar ƙofofin mutane a jingine, ya huda ramuka a jere a jikin ƙafar, ya yi ƙusa mai kauri da za a riƙa matsarwa daga wannan rami zuwa wancan.

"Waɗanga ramu na mine ne?"

"Yaya, amalanken jaki daban, na shanu daban, mota daban. Ƙusa kawai za a matsar, shi ɗauki kowane."

"Amalanke guda gare mu."

"Bari dai," ya ce, yana shafa ramukan da ɗan yatsa. Ta bari, don ta ga ya sha wahala.

Ranar da aka kai kirik ɗin Bazaga, aka loda wa amalanken gero a tsakar gida. Sa'adatu ta danna bututun da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da gyalenta, taya ta rabu da ƙasa. Rabo ya tsaya yana kallo kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Mijin Yaya, ka ga magajinka," in ji Muttaka. "Ba shi cin goro, ba shi son kirari."

"Mai haɗa gadon amare ya samu baki," Rabo ya ce. "Ka kawo mini abin da mace ka ɗaga kaya da shi."

"Ai shi anka ce in yi."

Ba a yi nisa ba labarin ya zaga gari. A Bazaga ba a hana aron kayan aiki. Wanda ya hana gatari ko tsani, a bakin mutane zai kwana. Manu, Bafulatanin da ke kai nono da harawa Konni, shi ya fara zuwa. Aka matsar da ƙusa rami biyu, kirik ya ɗaga amalanken shanunsa. Aka naɗe shi ya shige buhu, Manu ya rataya ya tafi da shi, wai har ya ga yadda facin zai yi. Daga hannunsa ya koma na wani direba mai zuwa Dogarawa. Wata mata ta ce ta gan shi a kasuwar Illela mutane sun kewaye shi. Wani ya rantse a Malbaza ya gan shi ƙarƙashin motar albasa. Kowa ya dawo da yabon aikin Muttaka, kirik ɗin ne kawai ba ya dawowa.

Abin da ya ba Sa'adatu mamaki shi ne saurin hannun mijinta. Rabo, wanda kan yi ƙorafi in an ari igiyar guga, ya zama mai bin mutane da tayi. In kirik ya kwana ɗaya a gida, da safe zai tuna da wani bawan Allah da tayarsa ba ta da lafiya. Ya dawo da fara'arsa, har da waƙa in yana ba jaki dusa.

Wajen wanki ta gane. A bayan 'yar shararsa ta ciki akwai layin tsatsa, shatin ƙarfen amalanke, miƙaƙƙe daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ta daɗe tana kallonsa, kumfa na bushewa a hannunta. Da daddare da ya juya a shimfiɗa ta ji ya ja numfashi ta haƙora. Ta aika aka bi sawun kirik gari gari har aka samo shi, ta sa shi a buhu ta nufi Konni.

"Ka like ƙusag ga a ramin amalankenmu," ta ce wa Muttaka. "Ka toshe sauran. Gaɓar ma ka like ta, kada shi sake naɗuwa."

"Yaya! Ramun nan su ne aikin. In an toshe su, mi ya rage? Tabarya ce da ƙafa."

"Kuma ka sa mishi sarƙa, ka haɗe da jikin amalanken. Iyakar ta kai tayar nan ta kai waccan."

Muttaka ya roƙe ta, ya ce har daga garin Tawa an zo tambayarsa. Ta zauna a kan benci ta naɗe hannu. Haka ya sa baƙin gilashinsa ya toshe ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana tsaki a kan kowanne. Da ya gama, kirik ya zama dogon abu mai nauyi da ba ya shiga buhun kowa, ba ya kuma ɗaga komai a duniya sai amalanken Rabo. Masu aro suka zo, suka ga sarƙa, suka koma suna cewa matar nan ta Rabo hannunta a dunƙule yake. Ta ji, ta haɗiye. Ta kuma ƙirƙiro wa kanta sana'ar wake, don ta riƙa bin sa kasuwa.

Wata Laraba suna kan hanya, ita a kan buhunan wake shi yana kora jaki, suka tarar da tsohuwar Fijon Sadiƙu direba ta karkace a gefen hanya. Fasinjoji sun fito sun tsaya cirko-cirko a rana. A cikinsu akwai Hajiya Hindu, dattijuwa mai fataucin kaji, da wata yarinya mai ciki da ta jingina da mota tana cije leɓe.

"Alhamdu lillahi, ga Rabo!" Sadiƙu ya ce. "Asibiti za mu kai ta, ga taya ta ƙi."

"Ina kirik ɗinka?"

"An ara."

Rabo ya ja amalanken har jikin motar, aka sauko da dogon ƙarfen iyakar inda sarƙa ta kai. Aka tura bakin gwafar, ya tokari ƙofar mota. An like shi a tsayin amalanke, motar kuwa cikinta kusa da ƙasa yake. Sadiƙu ya laluba ƙusar zai matsar, ya ji walda. Ya dubi Sa'adatu, sauran ma suka dube ta. Sannan duk idanu suka koma kan Rabo.

Ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba tun kafin asibiti. Ya cire hula ya ɗora a kan buhu. Ya kama wuyan rigarsa.

"Maigida," ta ce a hankali.

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Wani ya riga ya fara kirarin. Yarinyar ta yi nishi. Rabo ya tuɓe rigar, ya tofa yawu a tafin hannu, ya juya wa motar baya ya durƙusa yana neman inda zai kama.

Sa'adatu ba ta taɓa ɗaga murya a cikin maza ba. Ta ji muryar tana fita kamar ta wata.

"Kada ku bar shi! Aiki anka yi mishi. Ƙaba ce, likita ya tsaga shi ya ɗunke, ya ce in ya ɗauki nauyi ɗunkin tsagewa za shi yi!"

Mai kirari ya tsaya a tsakiyar kalma. Jakin ma ya daina kaɗa kunne. Rabo yana durƙushe, hannayensa a ƙarƙashin mota, yana kallon yashin da ke tsakanin ƙafafunsa.

Hajiya Hindu ce ta fasa shirun. "To, ku kuma mi kuke jira? Gardawa cike da hanya kun tsaya kallon mai ɗunki? Kai mai jar hula, aje rediyon nan. Kai ma. Ku kama!"

Suka kama, kowa da inda ya samu. Aka ce bismillah, motar ta tashi cikin sauƙin da ya ba su kunya su kansu. Sadiƙu ya tura kututture ya fara kwance ƙusoshi. An janye Rabo gefe. Hajiya ta miƙa masa zakaranta ya riƙe mata don ta kama yarinyar, sai kuma ta tuna, ta fizge abinta.

"A'a, ɗana, kawo. Wanga zakara ya yi ƙiba."

Motar ta tashi ta bar su. Rabo ya mai da rigarsa a bai-bai, Sa'adatu ta gani ba ta iya faɗa masa ba. Suka ɗora kirik ɗin, ita ta kama gefe mai nauyi, bai hana ta ba. Suka kama hanya. Ta san kafin magariba labarin ya isa Bazaga, gobe ya isa Dogarawa. Ta san kuma ba mai sake tsayawa a ƙofar gidansu don taya. Ta riƙa satar kallon ƙeyarsa tana jiran abin da zai biyo baya, ko faɗa, ko yaji irin na maza, ko abin da ya fi su.

Sai da rufin kwanon Konni ya fara bayyana sannan ya yi gyaran murya, bai waiwayo ba.

"Ita ƙaba," ya ce, "ba kowa take kamawa ba."

Ta gyara zama a kan buhun wake.

"Rago ba shi samun ta. Sai wanda ya ɗauki abin da ya hi ƙarhin mutane."

"Haka ne, maigida."

"Likitan ma ya ce bai taɓa ganin irin tawa ba."

Likitan bai faɗi haka ba, tana wurin. "Ya faɗa," ta ce.

A bakin kasuwa 'yan dako suka taso. Rabo ya sauko a hankali, a hankali fiye da yadda ciwon ke bukata, hannu ɗaya a mara. Ya tsaya a inuwa yana nuna musu buhunan da bulalar jaki.

"Kai, ba haka aka ɗauka ba! Durƙusa, ka sa baya. Ku yaran yanzu, wanga ɗan buhu har ku biyu?"