Doguwar Motar Maigidan

Bakaniken ya sake murɗa makulli. Motar ta yi tari sau uku, ta yi shiru.

"Karo na tara ke nan," in ji ƙanin mijinta, yana duban agogo. "Matar Yaya, ki bari a yi abin da ya kamata."

Tana tsaye gefen motar, jakarta a hammata. An sayar da filin garejin, sabon mai shi ya ce kafin ƙarfe goma sha biyu a kwashe komai. Motar da ta tashi ta fita da ƙafarta, wadda ta ƙi ta zama ta mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Shi kuwa tun safe ya iso da babbar motarsa da sarƙa, yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana jira.

Shekara uku mijinta ya yi yana haɗa motar nan, doguwa mai ƙofa a baya, irin wadda shugabansu na ofis ke hawa lokacin yana ƙaramin ma'aikaci. Gangar jikin ya fara saya, kaji na kwana a ciki. Duk watan da fansho ya shigo sai ya dawo da abu ɗaya: yau fitila, wani watan gilashi, wani watan ƙofar da launinta bai dace da sauran ba. Ya tayar da ita sau biyu, shi kaɗai, saura fenti. Sai ciwon ya kwantar da shi. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa.

"Batir sabo ne, fetur na zuwa, fulogi na wanke," in ji bakaniken, yana share gumi da bayan hannu. "Mama, wuta ce ba ta isowa. Na bi wayar, ta shige ƙarƙashin darduma ta ɓace min. Baba ne ya yi wayarin nan da kansa, ko kusa bai bari na taɓa ba. Cewa yake in na san kanta zan riƙa zuwa zance da ita."

"A tura ta waje mana," ta ce.

"A tura ta ina? In ta kwana a titi, masu jan mota su ɗauke. Gidanki kuma ba nan kusa ba."

Mai gwangwan ya miƙe ya ƙwanƙwasa bayan motar. "Ƙarfe mai kyau. Na da, ba irin gwangwanin madarar yanzu ba."

"Cire hannunka," ta ce.

Saura minti ashirin. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a kujerar da ke kusa da ta direba. Ƙamshin man shafawar mijinta na nan a kujerun. Nan ta tuna ranar da ta nemi makunnin fitilar gefen gadonta ta tarar ya yanke shi. Ta yi ta faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Ki yi haƙuri, na kai shi wajen aiki. Motar nan ba za ta je ko'ina ba sai kina ciki." Ta ɗauka daɗin baki ne irin nasa.

Ta saukar da hannu a hankali tsakanin kujera da ƙofa, kamar mai gyara zani. Ƙura, wani ƙarfe mai sanyi, tsumma. Can ƙasa yatsanta ya taɓa ɗan abin roba da ta shekara ashirin tana dannawa. Ta danna.

"Ɗana, ƙara gwadawa."

"Mama, batir zai mutu."

"Sau ɗaya."

Motar ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe garejin. Bakaniken ya buga sitiyari yana ihu, "Na faɗa muku fulogi ne!" Ta bar shi a haka.

Shi ya tuƙa su har ƙofar gida, ita a gaba, ƙanin mijin a baya yana ta shafa rufin. Tun kafin a tsaya ya fara magana.

"Ashe Yaya ya yi aiki. Ke ba tuƙi kika iya ba, a nan rana za ta cinye ta. Bari in kai ta wajena. Akwai wani mai son irin waɗannan tsofaffin."

Bakaniken ya kashe mota ya miƙo mata makullin. Ta juya shi a tafin hannunta, sannan ta miƙa wa ƙanin mijin ta saman kafaɗa.

"Ga shi. Kai ne namiji."

Ta sunkuya ta gyara takalminta, ta ɗan daɗe a sunkuye, sannan ta fito.

Tana cikin kicin tana ɗora ruwan zafi ta ji motar ta yi tari sau uku ta yi shiru. Ta sake yi. Ta ji yana ƙwala wa bakaniken kira, shi kuwa ya riga ya sha kwana. Ta ɗauko kofi biyu, ta tsaya tana kallonsu, ta mayar da ɗaya.