Takardar Likitan Yamai

Wata bakwai na yi a kulle a asibitin Nasara na Yamai, ina ɗan shekara goma sha tara. Kada wanda ya ce mini wurin jinya ne. Ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, mu goma sha ɗaya, bokiti guda. Wanda ya yi ihu a ɗaure shi. Ni kuwa ihu nake yi, don muryoyi ke kirana, "Badaru, Badaru," ba su gajiya.

Sai aka soma ba mu wata 'yar farar ƙwaya. Bakina ya bushe, tafiyata ta yi nauyi, amma muryoyin suka yi shiru. Ranar sallama likita ya ba ni ƙwaya talatin da wata takarda. Tafinta ya ce, "Duk wata ka nuna ta a ɗakin magani na Dakoro a ƙara maka. In babu ita, babu magani."

Na dawo gida. 'Yan garinmu kuwa, Allah ya shirye su! In na shigo sai a ɓoye wuƙa. In na yi dariya a kalli juna, in na yi shiru ma a kalli juna. Inna ce kaɗai ba ta tsorona. Na soke takardar a rufin ɗakinta, don nan ne babu mai taɓawa. Na koma gonar hatsi, har na kai shanu rijiya ni kaɗai. Wallahi na ji daɗin kwanakin nan.

Da ƙwaya ta rage uku, na sa hannu a rufin ɗaki, wayam.

"Inna, ina takardata?"

Ta yi murmushi tana dama fura. "Tana cikinka."

"Mi kika ce?"

"Rubutu ai ba a ajiye shi gara ta ci. Kullum sai in yagi kaɗan in wanke, in zuba maka a fura. Jiya ta ƙare. Ba ka ga yadda ka yi kyau ba?"

Kai! Na so in ɗaga ƙwaryar nan in rotsa ta da ƙasa. Amma in na yi haka, me za a ce? A ce ciwon ya tashi. Sai na haɗiye, na ce mata Allah ya saka da alheri. Tun ina yaro haka take wanke mini rubutun malam, ina laifinta?

Ranar kasuwa na taka har Dakoro. Majo Mutari, mai ba da magani, ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba.

"Ban san sunan ƙwayar ba, ban san adadinta ba," in ji shi. "In na ba ka da ka, kumandan, Baturen mulki, zai kore ni, kai kuma in cuce ka."

"To ka rubuta musu mana."

"Amsa sai ta yi wata biyu, in ma ta zo. Likitan da ya rubuta, shi zai sake rubutawa, kuma sai ya kwantar da kai ya duba ka."

Na roƙe shi har na durƙusa. Ya kau da kai.

Na raba ƙwaya ukun nan gida biyu-biyu. A kwana na takwas, ina tsakar gona, na ji an kira sunana a hankali. Na waiwaya, babu kowa sai karan hatsi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Wancan karon da igiya aka kai ni, Inna tana birgima a ƙasa. Ba zan sake bari ta ga haka ba, gara in koma asibitin da ƙafata.

Na tambayi ranar tashin kamiyon Maraɗi, babbar motar da za ta sa ni hanyar Yamai, na ɗaure kayana. Na ce mata na samu aikin dako a Yamai.

Ta rangaɗa guɗa, ta fita tana kiran maƙwabta. "Ku zo ku gani! Wanda kuka ce ba ya warkewa, ga shi har aiki za shi!"