Awon Sharar Gidanmu

Shekara huɗu ina karatun injiniyancin muhalli a jami'a, amma har gobe in aka tambayi Umma me nake karantawa, cewa take yi wani abu ne dai da ya shafi kwata. Ban taɓa yi mata musu ba, don rabin karatun a bakin kwata na yi shi, kwalba a hannu, takunkumi a hanci.

Aikin kammala karatuna awon shara ne. Malamin da ke duba aikin, wanda muke kira Jan Biro don ko gaisuwa ka rubuta masa sai ya gyara, ya ce in zaɓi gida ɗaya in auna duk abin da aka zubar na kwana goma sha huɗu. Ni kuma da wayona na zaɓi gidanmu. Mu huɗu ne: ni, Umma, Abba, sai Yaya da ya ƙi aure ya ƙi tashi. Na jera bokitai a bayan kicin, na ragowar abinci daban, na leda da roba daban, na takarda, na kwalba da gwangwani. Kullum da yamma in sa safar hannu in tsince, in ɗora a sikeli, in rubuta.

Laifina ɗaya, bakina ba ya shiru. Ranar farko muna cin abinci na karanto musu sakamako: kilo uku da rabi, ciki har da ƙonanniyar shinkafa da aka binne a ƙarƙashin ɓawon albasa, da wata 'yar kwalba ta man tsiro da gashi. Yaya ya gyara zaman hularsa. Umma ta ce ita tunda take ba ta taɓa ƙona girki ba, tukunyar ce ba ta da mutunci.

Washegari shara ta koma kilo ɗaya. Kwana uku a gaba, ɓawon ƙwai biyu na tarar da tsinken sakace. Maimakon in yi zargin wani abu, sai kaina ya kumbura. Har na rubuta shafi guda a kan yadda wayar da kai ke gyara halin jama'a cikin mako ɗaya.

Jan Biro ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko mutanen gidanmu suna da rai. Ya ce ko kyanwa ta fi haka shara. Daga nan ya daina wasa: ko in kawo hujja ranar Litinin cewa ba ƙirƙirar alƙaluman na yi ba, ko ya miƙa ni gaban kwamiti in maimaita shekara.

Na dawo gida na tara su a falo, na yi ta kuka ina masifa, ban ma san wanne ya fi yawa ba. Umma ce ta fara amsa laifi. Ashe kullum da hantsi take lallaɓawa ta juye nata a durom ɗin maƙwabta, wai ba za a kai ƙanzonta jami'a furofesoshi su yi ta kallo ba. Yaya kuma a jakar aikinsa yake fita da nasa, ya watsar a hanya. Duka motar shara ta kwashe tuntuni. Abba kuwa jarida kawai yake ta juyawa.

Ranar Litinin Umma ta yafa mayafi ta ce da kanta za ta je ta ba malamin haƙuri. Abba ya ja mu a mota. Jan Biro ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce shi ya yarda da ita, amma kwamiti ba ya auna rantsuwa a sikeli.

A nan Abba ya miƙe ya ce a biyo shi wajen mota, a zo da sikeli.

To, Abba shekara uku ke nan yana fama da ciwon suga. Umma ke auna masa komai, kuma ya sha rantse mata cewa ko shayi mai zaƙi ya manta ɗanɗanonsa. Ya buɗe but ɗin motar, ya ɗaga tayar safaya. Jama'a, ledojin cakulan ne da na biskit da robobin lemo, an danna su kamar auduga a matashi. Da can a kwandon gida yake cusa su cikin tsohuwar jarida, amma tunda na fara tsintar shara ya rasa inda zai kai su, don ƙanin Umma a ofishinsu yake aiki. Shi kuma tsohon ma'aikaci ne mai tsari, kowace rana da ledarta, har ya rubuta kwanan wata a jiki.

Jan Biro ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu ya nutsu, ya ce wannan hujja ce: in auna, in sake rubuta babin a kan yadda mutane ke ɓoye shara in sun san ana dubawa, maganar kwamiti kuma ta mutu.

Na durƙusa ina ɗora ledojin ɗaya bayan ɗaya, ina dariya, hawaye na zuba. Tausayinsa ya kama ni sosai. Umma na tsaye tana ƙirga robobin da ido, kuma duk gidanmu mun san shirunta ya fi faɗanta ciwo.

Abba ya sunkuyo kusa da ni, ya rage murya.

"Yanzu dai ba za ki maimaita shekarar ba ko?"

"Ba zan maimaita ba, Abba."

"To, ki auna da kyau, kar ki rage ko ɗaya."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya je ya buɗe wa Umma ƙofar gaba.